Goran da Ba a Fafe Ba: Nasiha ga Matasa Masu Sha'awar Tuƙin Kayak

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar sun Argungu ya san abin da zan faɗa. Da an ba da izini, dubban masunta sukan auka ruwa lokaci guda, kowa da homarsa a hannu da ƙaton gora a ƙirji. Masunci ya kwanta rub da ciki a kan goran yana tura ruwa da ƙafa, in ya gaji ya huta a kai, in ya kama ƙaramin kifi ya jefa ciki. Ina yaro na ɗauka duk sirrin yana cikin goran. Sai da na yi wayo na gane cewa Bakabe ya iya ruwa tun kafin a miƙa masa gora, kuma in goran ya suɓuce masa, iyo zai yi ya kamo abinsa, ba zai tsaya salati ba.

Abin da ya tuno mini da wannan, ƙannena, shi ne hotunan da nake gani a wayoyinku. Wannan yana Tafkin Jabi, wancan yana kan ruwan Legas, wata ta tafi karatu Kanada ko Ingila, kowa zaune cikin siririn kwalekwalen roba mai launi da ake kira kayak, riƙe da filafili mai baki biyu, yana murmushi. Na ji daɗin ganin haka, domin ni ma na kamu da son wannan abu a shekarun da na yi ina karatu a Ingila. Amma akwai wata magana da nake ji daga bakinku wadda take tayar mini da hankali. In aka tambayi yaro ko ya san abin da zai yi in jirgin ya kife, sai ya ce, "Ai ina da riga." Wanda ya ɗan ƙara zurfi ya ce, "Ai na sayi kayan ceto." Kayan nan suna da amfani ƙwarai, ba na son kowa ya karanta wannan takarda ya bar su a gida. So nake ku san inda aikinsu ya tsaya.

Kayak asalinsa jirgin farauta ne na mutanen Inuwit da maƙwabtansu, waɗanda ke zaune a Girinlan, arewacin Kanada da Alaska. Da itace da ƙashi suke haɗa gangar jikinsa, su lulluɓe da fatar wata dabbar teku mai ɗan kama da ayu. Mafarauci yakan sa rigar fata da ake kira tuilik, wadda ke kama fuska da wuyan hannu, a ɗaure gindinta a bakin jirgin, shi da jirgin su zama abu ɗaya. Yana kuma ɗauke da wata salka ta fata da aka hura wa iska, avataq sunanta, amma aikinta na farko na farauta ne: ana ɗaura ta a igiyar mashi domin dabbar da aka soka ta gaji da janta, kada kuma ta nutse ta ɓace. To in jirgin ya kife fa? A ruwan da ƙanƙara ke yawo a kansa, fita daga jirgi kusan sallama da duniya ne. Saboda haka suka koyi mirginowa: mutum yana zaune, kansa a ƙasa cikin ruwa, ya yi amfani da filafili da ƙugunsa ya dawo da jirgin daidai. Har yau a gasar da ake yi a Girinlan ana gwada hanyoyin mirginowa fiye da talatin, har da na wanda filafilinsa ya ɓace. Waɗanda suka ƙirƙiro jirgin ke nan, ba su taɓa jingina ransu a kan abin da ke taso da mutum ba. Mu da muka ari jirgin muka bar tarbiyyarsa, mu ne muka cike giɓin da roba da iska.

Bari mu fara da riga, tunda ita kowa ya sani. Jikin mutum a cikin ruwa ba shi da nauyi sosai, kusan daidai yake da ruwan da ya ture. Abin da ake bukata shi ne ɗan ƙarin ɗagawa da zai riƙe baki da hanci a sama. A Turai ana rubuta ƙarfin riga a jikinta: 50N, 100N, 150N, 275N. Wadda masu kayak suka fi sawa ita ce ta 50N, wato tana ɗaga abin da ya kai kilo biyar ko makamancin haka. An yi ta gajera, an buɗe hammata, domin hannu ya sami sakewa wajen tuƙi. Sharaɗinta shi ne mai ita yana cikin hayyacinsa, ya iya ruwa, kuma taimako yana kusa. In mutum ya suma, ba ta ɗauki alkawarin juyo da fuskarsa sama ba. Wannan aikin na 150N ne da abin da ya fi, su kuwa ba su da daɗin tuƙi. Duk da haka, ku saurara da kyau: alƙaluman da masu gadin gaɓar tekun Amurka ke fitarwa duk shekara suna nuna cewa cikin waɗanda suka nutse a haɗarin ƙananan jirage, inda aka san halin da suke ciki, fiye da kashi 80 cikin ɗari ba su sanye da riga. A kan wannan babu gardama. A sa ta, a ja zif, a ɗaure maɗauran har sai in wani ya kama kafaɗunta ya ja sama ba ta kai kunne ba. Rigar da aka zauna a kanta don ta yi laushi, ko aka cusa a bayan kujera, sunanta matashi. Na taɓa gwada sa riga ina cikin ruwa mai zurfi, a kwance lafiya, ba iska ba igiya, sai da na sha ruwa sau biyu kafin hannu ɗaya ya shiga.

Abu na biyu shi ne wanda sababbin shiga ba sa tunawa da shi sam: shi jirgin kansa yana bukatar abin da zai taso da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kayak na teku da aka ƙera da kyau yana da bango a gaba da baya, ya raba cikinsa ɗaki uku, biyu a toshe da iska a ciki, na tsakiya kaɗai ruwa ke shiga. Amma yawancin masu arha da ake sayarwa don shaƙatawa rami ɗaya ne tun daga hanci har wutsiya. In irin wannan ya kife ya cika, ya haɗiye ruwan da ya kai nauyin buhunan siminti da yawa, kuma bakinsa yana daidai da fuskar ruwa, duk abin da ka kwashe sai wani ya shigo. Wani lokaci gefe ɗaya ne ke da iska, sai jirgin ya miƙe tsaye cikin ruwa kamar turke, hanci a ƙasa wutsiya a sama. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya mantawa. Maganinsa salkunan iska ne masu siffar hancin jirgin, a cusa gaba da baya, a hura su cika, a ɗaure su kada ruwa ya tunkuɗo su waje. Duk wurin da iska ta zauna ruwa ba zai zauna ba, aikinsu ke nan. Ba sa hana kifewa, ba sa mayar da kai ciki, kuma rana da zafi da yashi suna cin su a hankali, sai ranar da ake bukata a tarar sun yi laƙwas. Wanda ya fi so ya huta da wannan lissafi ya nemi irin kayak ɗin da ake zama a samansa, mai ramukan da ruwa ke zurarewa da kansa. Ga mai koyo a ruwan ɗumi irin namu, shi na fi yarda da shi, muddin an duba toshiyarsa da marufansa kafin a tura shi ruwa.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata jaka, yawanci rawaya, da ake zura wa bakin filafili a hura mata iska, ko kuma wadda aka yi da soso mai tauri. Ni goran filafili nake ce mata. Ta yaɗu ne a farkon shekarun 1980 a gaɓar yammacin Amurka, lokacin da tuƙin kayak a teku ya fara karɓuwa a wurin mutanen da ba su iya mirginowa ba. Dabarar mai kyau ce. In filafili yana gicciye a bayan mazaunin jirgin, bakinsa ɗaya da gora a kai yana bisa ruwa, ya zama kamar ƙafar da ta tokare jirgin, sai mutum ya dafa ya hau. A shago in mai kaya yana bayani, abin kamar hawan gado.

Ga yadda yake a ruwa. Ka kife, ka zare siket ɗin da ya rufe bakin jirgin, ka fito. Hannu ɗaya a jirgi, hannu ɗaya a filafili, domin in ka saki jirgin iska za ta tafi da shi fiye da saurin iyonka, in ka saki filafili kuwa ko ka hau ba inda za ka. Hannuwa biyu sun ƙare, ba ka ko taɓa goran ba. Sai ka zura ƙafa ɗaya cikin jirgin ka maƙale shi, ka lalubo jakar daga inda ka ajiye ta, ka warware, ka zura ta a bakin filafili, ka ɗaure maɗaurinta, ka buɗe bututu, ka fara hurawa. Kana hurawa igiyar ruwa tana marin fuskarka. Ka rufe bututun, ka birkito jirgin, ka gicciya filafili, ka riƙe shi tare da bakin mazauni da hannu ɗaya. Ka bugi ruwa har ƙafafunka su taso baya, ka ja ƙirjinka kan gadon bayan jirgin, ka ɗora ƙafa ɗaya a sandar filafili, sannan ta biyu, ka zura su cikin jirgin ɗaya bayan ɗaya kana kife, ka murɗa jiki ka zauna, kuma duk wannan nauyinka yana karkace wajen goran. In ka kuskura ka rinjaya ɗaya gefen ko da kaɗan, goran ya tashi sama ya zagaya ta kanka, kai kuma ka koma inda ka fito. Masu kayak har suna da sunan barkwanci ga wannan faɗuwa, bakan gizo rawaya suke ce mata.

A ce ka zauna. Ba ka tsira ba tukuna. Jirgin cike yake da ruwa har cinya, ruwan kuma yana kai-komo a ciki, duk gefen da ka karkata can zai ruga ya ƙara maka nauyi, kamar ɗaukar bahon da bai cika ba a ka. Dole ka mayar da siket, wanda ke bukatar hannu biyu, ka zura famfon hannu ta gefe, wanda shi ma ke bukatar hannu biyu, ka yi ta bugawa minti da yawa, alhali filafilin da ke tokare da kai ma yana neman mai riƙe shi. In ka gama, sai mataki mafi wuya: ka zare filafili daga baya, ka cire goran, ka sace iskarsa, ka ajiye. A wannan daƙiƙa ba abin da ke tokare da kai. Kuma ka dubi inda kake. Igiyar ruwan da ta kifar da kai ɗazu, lokacin da kake da ƙarfi, jikinka a bushe, jirginka ba ruwa, tana nan ba ta je ko'ina ba. Kai ne ka sauya: ka gaji, kana rawar sanyi, gabanka yana faɗuwa.

Na koyi wannan da jikina. A wurin wanka na cikin gari, inda ƙungiyarmu ta masu kayak ke haya da daddare lokacin hunturu, na iya hawa da goran filafili cikin minti uku, har ina koya wa wasu. Ranar da muka fita teku a gaɓar kudancin Ingila, iska ta ɗan taso, igiyar ba ta wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, jagoranmu ya ce kowa ya kife da gangan ya gwada. Sau uku ina hawa, sau uku ina yin bakan gizo. A na huɗu yatsuna sun daina jin maɗauri, ina kallon hannuna yana ƙin bin umarnina. Wata dattijuwa da ta kusa haihuwata ta matso da jirginta, ta ja hancin nawa kan cinyarta, ta zubar da ruwan, ta jera jiragen biyu ta kwanta a kan nawa, ta ce in hau. Kafin minti biyu su cika ina zaune, jirgin kusan a bushe. Ba ta yi mini dariya ba. Tambayata kawai ta yi, a ina na saba gwadawa. Na ce a wurin wanka. Ta ce to ranar da na kife a wurin wanka, na san abin yi.

Abin da ya kama hannuna a ranar yana da bayani, kuma ku da ke tafiya ƙasashen sanyi ya kamata ku haddace shi. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. In ruwan ya gaza digiri 15, da shigarka jiki yakan ja numfashi da ƙarfi ba da izininka ba, in kanka yana ƙarƙashin ruwa a lokacin, shi ke nan. Wani farfesa a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da lambobi uku, 1, 10, 1: minti ɗaya na shawo kan numfashi, kusan minti goma da hannu da ƙafa za su yi aiki mai ma'ana, sannan kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Ku auna minti goman nan da jerin ayyukan da na lissafa a sama. Ku kuma tuna cewa hura gora aikin huhu ne, huhun kuwa shi ne farkon abin da sanyi ke ƙwacewa. Shi ya sa masu tuƙi a ruwan sanyi da yawa suka fi son goran soso, wanda ba a hurawa, ko da yake yana cin wuri a kan jirgi kuma bai kai na iska ɗagawa ba. Awa ɗayan nan ta ƙarshe kuwa, mai riga ne kaɗai ke samunta. Wanda ba shi da riga, da hannuwa sun mutu yake nutsewa, sanyin bai ma kai ga zuciyarsa ba.

Kada wani ya ce wannan matsalar sababbin shiga ce. Douglas Tompkins, wanda ya kafa kamfanin kayan hawan dutse na The North Face, ya shafe shekaru masu yawa yana tuƙin kayak a miyagun koguna. Ranar 8 ga Disamba 2015 iska mai ƙarfi ta kifar da jirginsa a Tafkin Janar Karera a kudancin Chile, cikin ruwan da bai wuce digiri 4 ba. Yana tare da abokai ƙwararru, an kuma ciro shi daga ruwan, an kai shi asibiti da jirgi mai saukar ungulu. Sanyi ne ya kashe shi, yana da shekara 72. A irin wannan ruwa abin da ke kare mutum shi ne tufafin da ke hana ruwa taɓa fata, ko mai riƙe ɗumi in ya jiƙe. Ƙa'idar masu kayak ita ce a yi shiga don ruwan, kada a yi don ranar da ke haskawa a sama.

Akwai wani labari da ya fi wannan ciwo, domin yara ne sa'o'inku. Ranar 22 ga Maris 1993, ɗalibai takwas daga wata makaranta a Filimot, da malaminsu, da masu koyarwa biyu, suka tashi daga Layim Rejis a kudancin Ingila za su Camot, tafiyar da ba ta wuce kilomita uku ba, a bakin gaɓa. Tun ba a yi nisa ba jirgin malamin ya fara kifewa, mai koyarwa ɗaya ya tsaya da shi. Sauran suka haɗa jiragensu wuri ɗaya suna jira. Iskar ranar daga tudu take busowa zuwa teku, sai ta riƙa tura su ciki a hankali, inda igiyar ruwa ta fi girma. Jiragen yaran ba su da siket, ruwa ya yi ta shiga har suka cika ɗaya bayan ɗaya. Ba su da abin harba wuta sama don neman agaji, a tudu kuma an yi jinkirin sanar da masu ceto. Sun yi sa'o'i cikin ruwan Maris. Huɗu daga cikinsu, 'yan shekara 16 da 17, suka rasu. Dukkansu suna sanye da riga. Rigunan irin waɗanda sai an hura musu iska suke cika aikinsu ne, kuma a shari'a an bayyana cewa ba a umarce su da su hura ba. A 1994 kotu ta ɗaure shugaban kamfanin da ya shirya tafiyar, ta kuma kama kamfanin kansa da laifin kisa ba da gangan ba, a 1995 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga masu kai yara irin wannan wasa. In kun bi labarin daki-daki za ku ga cewa kuskuren farko ba a ruwa aka yi shi ba, a bakin gaɓa aka yi, lokacin da aka dubi iskar aka ce a tafi.

Wannan shi ne abin da na fi jin tsoro game da kayan ceto. Suna sa mutum ya ji ya cika. Yaron da ba shi da komai yakan tsaya kusa da gaɓa domin tsoro yana riƙe da shi. Ran da ya sayi riga mai aljihuna da gora da famfo, sai ya dubi tsibirin can ya ce ai ba nisa. Iyawarsa tana nan inda take jiya, nisan da yake yarda ya yi ne ya ninka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Goran filafilin da ke cikin ledarsa tun daga shago, wanda ba a taɓa jiƙawa ba, gora ne da ba a fafe ba, kuma ya fi rashinsa haɗari, tunda da babu shi da ba a yi tafiyar ba.

To mu a gida fa, da ruwanmu ba ƙanƙara? Gaskiya ne, sanyi ba zai kama hannunku cikin minti goma a Jabi ko Tiga ba, ko da yake wanda ya daɗe a jiƙe da safiyar hunturu zai ba da labari. Namu matsalolin daban ne. Guguwar farkon damina takan taso cikin ɗan lokaci, ta mayar da tafki mai kwance abin tsoro. A Kainji, tun da aka tare ruwan a 1968, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashi. Ga tarun masunta, ga ciyawar da ke kama ƙafa, ga dorina a wasu wurare, wadda ba ruwanta da lambar da ke jikin rigarka. A kogi mai gudu kuwa, goran filafili ba wurinsa ba ne sam, a can mutum yakan kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ya nemi gaɓa, kuma ya guji itacen da ya faɗo ruwa, domin ruwa yana ratsa rassan amma mutum ba ya ratsawa. Sai tufafi. Babbar riga, zani da dogon hijabi in sun jiƙe sukan nannaɗe ƙafa da hannu, su maƙale a jikin jirgi daidai lokacin hawa. 'Yan'uwana mata, akwai kayan iyo masu rufe jiki ruf waɗanda ba sa yawo a ruwa, ku neme su, sutura da tsira ba sa faɗa. Babban bambancin kuma shi ne wannan: a Ingila in ka yi kira akwai jirgin ceto da ke jiran kiran. A mafi yawan ruwayenmu mai cetonka shi ne masuncin da Allah ya sa yana kusa. Riga tana riƙe mutum ne har wani ya zo, saboda haka kafin ka shiga, ka tabbata akwai wanda ya san inda ka nufa da lokacin da ya kamata ka dawo, waya tana cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a jikinka take ba a cikin jirgi ba, usur kuma yana ɗaure a riga.

Ba zan wuce ba sai na ce wani abu game da manyan jiragenmu na haya, ko da yake ba su ne zancen ba. Mun ga abin da ya faru a Warra ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen 2021, inda yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, da na Patigi a 2023. A irin waɗannan, rigar da nake cewa tana da iyaka ita ce da za ta raba mutane da yawa da mutuwa, domin ruwan da ɗumi, gaɓa ba nisa, masu kwalekwale kuma sukan kawo ɗauki. In aka miƙo muku riga a bakin ruwa, ku sa, ku sa wa ƙannenku, kada ku ji kunyar masu cewa ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Wanda ya ɗaure raƙuminsa bai fita daga tawakkali ba. Jarka da tiyub ɗin mota kuwa abin jefa wa wanda ya faɗa ne in babu wani, suna riƙe mutum ne muddin hannunsa yana riƙe da su.

In kuna son ra'ayina a kan goran filafili, ga shi. Ku saya, ku ɗauka, ba shi da nauyi. Yana aiki ga wanda ya kife cikin ruwa mai kwance saboda sakaci, ya juya ɗaukar hoto ko ya miƙa hannu kamo hula. Yana taimakon mai koyon mirginowa, ana tokare wanda jiri ya kama da shi, kuma ƙwararru sukan sa shi a filafili su shiga jirgin yana kife su mirgino, wanda ya fi hawa ta baya sauri cikin igiya. Amma a jerin abubuwan da ke maido da mutum gida, shi ne na kusa da ƙarshe. Abokin tafiya da ya iya ceto yana gabansa nesa, shi ya sa ƙungiyoyin kayak ke cewa kada a fita teku ƙasa da mutum uku: ɗaya a ruwa, ɗaya yana ceto, ɗaya yana tsaro ko neman agaji. Iya mirginowa yana gaban wannan. A gaban duka kuma akwai iya duban sama da ruwa a ce yau ba za a shiga ba, a mayar da jirgi kan mota ba tare da jin an yi asara ba.

Saboda haka ga roƙona gare ku. Kafin fitarku ta gaba, ku sami wanda ya fi ku sani, ku je inda ruwa ya ɗan fi tsayinku kusa da gaɓa, sanye da ainihin kayan da kuke tuƙi da su. Ku kife da gangan. Wani ya riƙe agogo daga lokacin da kai ya shiga ruwa har lokacin da jirgi ya bushe, filafili ya dawo hannu. Ku sake, ku sake, ku yi musaya, kowa ya ceci ɗan'uwansa. Sannan ku jira ranar da iska ke busowa daga ruwa zuwa tudu, yadda in abin ya ƙi za ta turo ku gaɓa, ku maimaita a cikin igiya. Girman igiyar da kuka kasa hawa a cikinta a ranar, ku riƙe shi a ka, kada ku shiga ruwan da ya kai haka sai ranar da kuka iya.